Shingen Bi Mwatima Ya Yi Ganye

A tsibirin Pemba, namiji in ya tasa, ko dai ya shiga jirgi ya bi kifi, ko ya hau bishiyar kanumfari ya tsinko. Shaame Kombo ya gwada duka biyun tun yana saurayi, kowanne ya koro shi gida. Ranar da kawunsa ya ɗauke shi kamun kifi, tun ba su daina hango kwakwar bakin gaɓa ba ya amayar da karin kumallonsa, ya bi da abincin jiya. Da lokacin kanumfari ya zo kuwa, ya hau har reshe na biyu, ya leƙo ƙasa, sai ya rungume bishiyar ya ce shi da ita mutu-ka-raba. Sai da maza suka taru suka ɓamɓaro shi. Uwarsa ta ce to, tun da ruwa ya ƙi shi, sama ta ƙi shi, ai saura ƙasa. Ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani tsoho mai kafa shinge, kuma tun daga ranar ba a sake ganin ƙafar Shaame ta rabu da ƙasa ba, sai in zai hau gado.

Shingen farko da ya kafa shi kaɗai bai ga damina biyu ba. Wanda ya san ruwanmu ba zai yi mamaki ba. Damina biyu gare mu a shekara, babbar in ta sauka, takalmi ma fumfuna yake yi a ƙarƙashin gado, ƙusa kuwa tun tana cikin takardar mai shago take fara tsatsa. Shingen ya kwanta wata safiya kamar wanda ya gaji da tsayuwa, awakin unguwa suka shiga suka yi sallah da alayyafon mutane. Da wani ne, da ya bar garin. Shaame sai ya tone dirkokin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a ƙofar gida, ya zauna yana murza su yana sansanawa, har aka fara raɗe-raɗin ko a kai shi wurin masu magani. A nan ya gano abin da ya ci da shi har tsufa. Abin da ke can cikin rami lafiyarsa lau, abin da ke sama yana shan iska shi ma lafiya lau. A wuya itace yake mutuwa, daidai inda ƙasa ta haɗu da iska, inda laima ke kwana gara kuma ke bi.

Daga nan ya zama Fundi Shaame, wato gwanin sana’a, kuma ya zama mutumin da ba ya faɗin kuɗin aiki a bakin hanya. In ka tare shi ka ce nawa zai kewaye maka fili kaza, sai ya tambaye ka ko ka taɓa jin an yi cinikin saniya da daddare ta bayan katanga. Zai zo da daginsa, ya haƙa rami iya tsawon hannu, ya bar shi a buɗe, ya tafi shan gahawa a kuɗinka. In ya dawo ya leƙa ko ruwa ya taru. Ya damƙi ƙasar ya matse, ya bi gindin itatuwa yana neman hanyar gara, ya tsaya ya ga ta ina iskar teku ke shigowa, don gishirinta shi ke cin ƙusa. Sannan tambayoyi. Me kake tsoro? In saniya ce, jingina take yi, sai dirka mai kauri. In akuya ce, hawa take yi. Kaza ta ƙasa take bi. In kuwa maƙwabci ne, ya ce har yau ba a sari itacen da zai tare wannan ba.

Tambayarsa ta ƙarshe ita ce aka san shi da ita daga Konde har Wete: damina nawa kake so? Ya ce shinge ba da taku ake auna shi ba, da damina ake aunawa, kuma kuɗinsa ba abin da ka bayar ranar da aka kafa ba ne, abin da zai riƙa ci a hannunka ne bayan nan. Wani tsoho ya taɓa ce masa talatin yake so. Shaame ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Mzee, kai ɗin za ka ga talatin ɗin, ko in rage maka?” Tsohon ya bi shi da sanda har bakin titi. Washegari ya aiko a kira shi.

Akwai shingen katako, mai kyau a ido, na amare da mutanen da suka dawo daga Maskat. Shi kullum yana son fenti, yana son sabuwar ƙusa, kuma duk gatan da ka yi masa damina huɗu ko biyar zai ce ga garinku nan. Akwai na boriti, sandunan itacen nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Nauyi gare su, tsada gare su, sai da takardar izini, sai ka biya amalanken shanu, sannan a babbake gindinsu a wuta a shafe da baƙin mai. Sukan kai yaro daga goyo har makaranta. Amma wanda Shaame ya fi so shi ne na talaka, ɗanyen reshen bishiyar mjengaua, a sare shi yau a kafa gobe, daidai faɗuwar ruwa. Shi ba ya ruɓewa, saiwa yake yi. Ruwan da ke kashe sauran shi ke raya wannan. In Shaame yana tafiya kan hanyar Konde, har ɗaga wa irin waɗannan shingayen hannu yake yi, yana faɗa wa duk wanda tsautsayi ya haɗa su tafiya shekarar da ya kafa kowanne. Matarsa ta ce ya san shekarun shinge, amma ka tambaye shi na ’ya’yansa sai ya fara duban sama.

To, yana da taubashiya, Bi Mwatima, ’yar ƙanwar mahaifinsa. Tun ranar aman nan na cikin jirgi ta sa masa suna Sarkin Ruwa, kuma ba ta sake kiransa da wani suna ba, ko a gidan biki ko a gidan makoki. Shi kuma Gara yake ce mata, wai in ta zo gidansa ba a jin motsinta, sai dai a buɗe tukunya a tarar da wayam. Mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki da wata gona a gangaren bayan gari: rogo, dankali, kuɓewa, barkono, ɗan tumatir. Abin da ta ɗauka a kai zuwa kasuwar Konde, shi ne abin da ake ɗorawa a murhu. Da mijin na nan shi ke korar shanun mutane. Da ya tafi, shanun suka gane.

Ta aika aka kira Shaame. Ya zo da dagi, ya haƙa raminsa, amma maimakon ya tafi shan gahawa sai ta ajiye masa rogo da madarar kwakwa a inuwa, suka zauna suna tsiya. Ta ce ta ji an ce yanzu har awaki ke ba shi kwangila, don ya riƙa bar musu ƙofa. Ya ce ita dai ta fara biyan kifin da ta cinye masa bara. Da ya kai ga tambayar damina nawa, sai ta lashe yatsa ta ce, “Wanda zai binne ka nake so, Sarkin Ruwa. Kuma kuɗin kofin gahawa gare ni. In ba ka iya ba ka faɗa, in kira masu sana’a.”

Maganar ta sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Ya ce ta je ta dawo, za ta ga aiki. Ya tambayi shanun waye, ya duba gangaren, ya duba gara. Abu ɗaya bai tambaya ba, don bai ga abin tambaya a ciki ba. Tun yana saurayi yake ganin mijinta duƙe a wannan gonar da fartanya.

Washegari aka aiko daga Wete cewa ’yarta ta haihu, Bi Mwatima ta ƙulle kaya ta tafi wankan jego. Shaame ya shiga daji da adda. Ya zaɓo rassan mjengaua miƙaƙƙu kamar an ja su da zare, ya kafa su kusa da kusa yadda ko ɗan akuya sai dai ya leƙa, ya ɗaure da igiyar kwakwa. Ruwa ya sauka kamar shi ya yi oda. Kafin a yi arba’in, shingen ya tofo daga wannan kusurwa har waccan, kore shar. Shi kansa ya san bai taɓa yin kamarsa ba.

Ranar da za ta dawo ya sa wankakkiyar riga ya je ya jingina da ƙofar gonar, ya shirya amsar duk tsiyar da za ta yi. Ta taho da ƙunshinta a ka. Ta tsaya. Ta kai hannu ta taɓa ganyen, ta girgiza dirka ɗaya ta ji ta kama ƙasa gam. Sai ta sauke ƙunshin ta zauna a kan ciyawa.

“Shaame,” in ji ta, “gonar nan ta aro ce.”

Sunan ne ya fara tsorata shi, kafin maganar. Sannan maganar ta shige shi, don babu ɗan Pemba da ke bukatar a yi masa bayaninta. Ƙasar aro, shuka duk abin da za ka girbe ka kwashe. Amma ba a dasa mata itace. Itace na wanda ya dasa ne, shi da ’ya’yansa da jikokinsa, kuma inda mutum yake da itace yana da ƙafa. Gonaki nawa suka canja hannu ta haka, ba faɗa ba shari’a, sai dai bishiya tana girma mai ƙasa yana barci. Wannan gonar ta Mzee Mbwana ce, ɗan kasuwar da ke zaune can Tanga a ƙetaren teku, ba ya zuwa sai lokacin kanumfari. Shi ya ara wa marigayi da baki tun zamanin da, har gari ya manta. Ita ba ta manta ba. Ta dai ɗauka busassun sanduna zai kafa mata. Ga shi yanzu an kewaye ƙasar mutum da bishiyoyi masu rai.

Shaame ya ce gobe da sassafe zai tumɓuke su. Ashe an riga shi. Wani mai son a san yana da waya ya riga ya sanar da Tanga, kuma Mzee Mbwana bai jira kanumfari ba, jirgin da ya fara samu ya hau. Bai je gidan Bi Mwatima ba, bai ɗaga murya ba. Ya zagaya gonar sau ɗaya da hannu a baya, sannan ya aika mata cewa in rogonta ya nuna ta tone, ta bar masa wurinsa.

Shaame ya same shi a barandar gidan ƙaninsa. Ya yi gaisuwa har da wadda ba a tambaye shi ba, ya ce laifin nasa ne, matar nan tana Wete aka yi komai. Mzee Mbwana ya saurara, sannan ya ba shi labarin wata gonar mahaifinsa da bishiyar mangwaro guda ɗaya tak ta cinye. Wanda aka ara wa shi ma cewa ya yi yara ne suka yar da ƙwallo. Yau jikokin mutumin ke da wurin, har da gidan bulo. Shaame ya ce to zai ɓare wa itatuwan shingen ɓawo su bushe a tsaye, ko ya tone su.

“Fundi,” in ji Mzee Mbwana, “ba kai ne kake bin tsibirin nan kana cewa shingenka ba ya mutuwa ba? Ko a sare shi sai ya tofo, ko a tone sai saiwa ta tashi? Yau kuma zan ji wani zance?”

Shaame ya juya ya kama hanyar gida. Da ya ce ƙarya yake yi duk shekarun nan, gara a mayar da shi cikin jirgi. Kuma ba ƙaryar ba ce.

Kwanaki ya yi ba ya ɗaga wa kowane shinge hannu. Ya wuce ta gonar ya hango Bi Mwatima tana cire ciyawa a kunyar barkonon da ba za ta ci ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi mutan gida, ta ce kada ya damu, haka Allah ya so. Ko Sarkin Ruwa ɗaya bai samu ba. Ya koma gida ya ture kwanon abinci. Matarsa ta ce in yunwa ce za ta mayar wa Mwatima gona, ita ma sai ta taya shi. Ta ƙara da cewa shi da ya dasa masifar ai shi ya kamata a kora, ba baiwar Allah da ko reshe ɗaya ba ta taɓa ba. Shaame ya dube ta. Ya jawo kwanon ya cinye tas.

Ran Juma’a bayan an sauko, dattawa suka baje a dakalin masallaci, mai gahawa yana zagayawa da ’yan kofunansa. Mzee Mbwana na tsakiya. Shaame ya tsaya a gabansu ya ce tambaya gare shi, irin ta jahili: itace na wane ne? Suka ce na wanda ya dasa, wannan ko yaro ya sani. Ya ce to wa ya dasa na gonar gangare? Mwatima tana Wete, rabin matan garin nan sun je suna sun gan ta. Shi ya saro, shi ya haƙa, shi ya kafa. Wani tsoho ya ce ashe ɓarawon ƙasar ma a gabansu yake tsaye, da wankakkiyar riga. Aka yi dariya. Shaame ya bari ta lafa.

“Na yarda, nawa ne,” ya ce. “To ku shaida, na ba Mzee Mbwana su kyauta. Saiwa da ganye da inuwa. Ni ba ni, ’ya’yana ba su. Daga yau itatuwansa ne suka kewaye ƙasarsa, in ga wanda zai zo ya ce iyakar ba nan take ba.”

Dattawan suka juya maganar ta nan, suka juya ta can, ba su ga inda take yoyo ba. Abin da ya zo cin gonar ya koma mai gadinta. Sai dai Mzee Mbwana bai tara dukiya a Tanga da karɓar kyauta ido rufe ba. Ya kurɓi gahawa ya ce ya gode, amma ya ji wani mai hikima yana cewa kuɗin shinge ba na ranar da aka kafa ba ne. Wannan kyautar me za ta riƙa ci a hannunsa?

Shaame ya ji maganarsa a bakin wani, har wani daɗi ya ratsa shi duk da halin da ake ciki. Ya tsaya ya yi lissafin da gaskiya, don ko a kansa zai faɗa ba ya rage wa shinge kuɗi. Ya ce mjengaua in an ƙyale shi daji yake zama, ya shanye rana ya kashe gona. Sai an sassabe shi bayan babbar damina da bayan ƙarama, a sabunta igiya, a cike gurbin da saniya ta ture. Kuma sai da mutum a ciki kullum, mai ido, mai baki, wanda shanu da masu shanu ke shakka. Ya ce shi dai duk Pemba mutum ɗaya ya sani mai irin wannan bakin.

Mzee Mbwana ya ce ya ji. Mwatima ta zauna ta sa ido. Sassabe kuwa, wanda ya dasa shi zai yi, kuma ba ko shilin. Ranar da shingen ya zama daji, ranar aro ya ƙare.

Bakin Shaame ya riga kansa. “Damina nawa kake so?”

“Duk wadda ta rage maka, Fundi.”

Tsohon nan da ya taɓa bin sa da sanda yana wurin, shi ya fi kowa dariya, har gahawa ta sarƙe shi. Aka shafa fatiha.

Da ya je faɗa wa Bi Mwatima, tana tsugune tana ɗaure kuɓewa. Ta ji shi har ƙarshe ba ta ɗago ba. Can ta share ido da bakin mayafi, ta ce wato yanzu sau biyu a shekara za ta riƙa ciyar da Sarkin Ruwa, wannan ai ita aka ci tara. Ya ce Gara ta ji yadda ake ji. Ya koma gida yana ɗaga wa shingaye hannu, har da waɗanda ba shi ya kafa ba.

Wannan shi ne shinge mafi araha da Fundi Shaame ya taɓa yankewa kuɗi, kuma har yau bai gama biya ba. Gashinsa ya tafi, gemunsa ya yi fari, jikokin Bi Mwatima sun girma da rogon gonar. Yanzu in ka kira shi aiki, kafin ya sauke dagi daga kafaɗa zai tambaye ka ƙasar wace ce, ko da a tsakar gidan ubanka ne, kuma sai ka kawo shaida.

Shingen gangare kuwa mutane har daga Chake suke zuwa kallonsa. Bai taɓa wuce iya miƙon hannun mutum ba, samansa a daidaice kamar an aske da reza. Baƙi su ce wannan gwaninta ce, Shaame ya gyara tsayuwa ya ce ido ba mudu ba, ya san kima. Yarjejeniya ta ce sau biyu a shekara, shi kusan kowane wata yana can da adda, don mjengaua saurin tsawo gare shi, kuma in ya wuce hannu sai da tsani. Bi Mwatima ta san haka sarai. Ta sa an yi mata tsani mai kyau, na boriti, duk ranar da zai zo sai ta jingina shi a ƙofar gona. Shi kuma ya iso, ya yi sallama, ya tuɓe rigarsa ya rataye a kai.